Otal kusa da tashar jirgin ƙasa a Legas: Ebute Metta ko Agege, kuma me ake dubawa kafin a biya?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kawuna da maiɗakinsa za su taso daga Ibadan a jirgin yamma, su kwana biyu a Legas su yi sarin atamfa da leshi a kasuwar Balogun, su koma a jirgin safe. Ni aka ɗora wa neman masauki kusa da tasha. Kawu ya manyanta, ga ciwon gwiwa, kuma akwai kuɗin sari a hannunsu. A Ebute Metta ya kamata su sauka, ko a Agege inda mutanenmu suke da yawa? Sannan me ake dubawa a otal kafin a biya? A hoto dai kowane ɗaki fes yake.

Na Alagomeji:

Wa'alaikumus salam Malam. Tunda Balogun suka nufa, su wuce Agege su sauka a tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta. Daga nan sai Iddo, a hau gadar Carter, ga Idumota da ke dab da kasuwar Balogun. Wanda ya kwana a Agege kuwa, sai ya ratsa rabin gari safe da yamma, kuma gosulon hanyar kaɗai ya ishi dattijo mai ciwon gwiwa.

Amma kalmar nan ta "kusa da tasha" ita ce take yaudarar baƙi. Taswirar waya tana iya nuna maka mita 400 tsakanin tasha da otal, alhali akwai katangar layin dogo a tsakani. Tun da aka buɗe layin Legas zuwa Ibadan a 2021, aka kuma fara jigilar jirgin cikin gari na Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024, an killace wurare da dama, an gina gadojin sama a Yaba da Oyingbo da Mushin da Ikeja. Inda a da ake tsallakawa da ƙafa, yanzu sai an zagaya. Saboda haka ka buɗe taswirar, ka zaɓi hanyar mota, ka ga mintuna nawa ne daga ƙofar tasha zuwa ƙofar otal. Otal mai tafiyar minti goma a mota a kan titi mai fitila ya fi wanda yake manne da tasha amma sai an bi lungu. Kada wani ya ce musu "ga yanke nan ta kan dogo". Ba a bin dogo da ƙafa, balle da kaya, balle da dare.

Jirgin yana cin awa biyu da rabi zuwa uku daga tashar Moniya da ke Ibadan, don haka na yamma yakan iso da magariba ko bayanta. Lokacin ne fasinja suke fitowa tuli guda, kowa waya a hannu yana neman mota, 'yan sane da masu fizge suna rakuɓe. Abin da ya dace: su kira motar tun suna cikin ginin tasha, Bolt ko Uber ko makamancinsu, su tsaya ciki har ta iso. Kafin su shiga su gwada lambar motar da wadda ke kan waya, su tambayi direba sunan wanda ya zo ɗauka, kada su riga shi faɗa. Su turo maka tafiyar ka bi ta a wayarka. Gilashi a sama, waya a cinya, musamman in an tsaya a gosulo. Motar da ta tsaya da kanta da mutum biyu ko uku a ciki tana kiran unguwa, su bar ta ta wuce. Haka 'yan fashin da ake kira wan cans suke aiki, fasinjan cikin duk nasu ne.

Acaɓa kuma a cire shi daga lissafi. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana okada a Lagos Mainland, inda Ebute Metta da Yaba suke, da Lagos Island da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa. Dokar ta haɗa har da wanda aka goya.

Wajen unguwa, ni zan ce ka duba tsakanin Alagomeji da Sabo Yaba, kusa da tashar Ebute Metta, a titunan da suka ɓalle daga titin Herbert Macaulay, gida na biyu ko na uku daga babban titi. Kada ya zama bakin kasuwa kamar Oyingbo ko Tejuosho. Da rana wurin cike yake, da an rufe shaguna sai ya koma kufai, sai masu kwana a ƙarƙashin gada. Tambaya ɗaya da mutane suke mantawa: titin yana da ƙofar ƙarfe da ake kullewa da dare? Yawancin titunan cikin unguwa suna da ita. Alheri ce in kana ciki, azaba ce in jirgi ya makara ka iso an kulle, maigadi ya tafi cin abinci, ku tsaya a waje da akwatuna. Ka tambayi ƙarfe nawa ake rufewa, ka karɓi lambar wanda ke riƙe da makullin.

Injiniya Mai Waya:

Malam Na Alagomeji ya gama da waje, bari in shiga cikin ginin, don ɓarawo ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. Wuta da hayaƙi sun fi shi saurin kisa, kuma gidajen da aka mayar otal a tsofaffin unguwanni irin Ebute Metta da yawansu gidajen zama ne aka yanyanka ɗakuna da falanki.

Wani ya je da rana ya ga wurin da idonsa, minti goma sha biyar sun isa. Ya fara da matakala. Guda nawa ne? In ɗaya ce tal kuma ta bi ta gefen kicin, a nemi wani wurin. In an ce akwai ƙofar fita ta baya, ya je ya tura ta da hannunsa. Sau da yawa za ka tarar da kwaɗo da sarƙa a jikinta, ko an jibge tsofaffin katifu da akwatunan kwalabe a gabanta, makulli kuma yana aljihun manajan da ya tafi gida. Ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki ba tare da makulli ba, bango ce.

Sai taga. Kusan kowace taga a Legas tana da ƙarfen hana ɓarawo, an yi masa walda a bango. Yana hana shigowa, yana kuma hana fita. Shi ya sa ɗakin da ya dace da Kawu shi ne hawa na ɗaya, kusa da matakala: ya ɗaga daga hannun mai leƙe ta titi, kuma gwiwarsa za ta iya saukowa ba tare da lifta ba. Kada a dogara da lifta inda wuta take ɗaukewa. Da sun shiga ɗaki su leƙo su ƙirga ƙofofi nawa ne tsakaninsu da matakala, su riƙe adadin. In hayaƙi ya cika baranda ido ba ya aiki, da lalube ake fita, a duƙe.

Tukunyar kashe gobara: a duba agogon da ke wuyanta, allurar ta kasance cikin kore, fil ɗin yana nan, takardar da ke jiki ta nuna ranar da aka yi mata sabis. Wadda allurarta ta faɗi ja ado ce kawai.

Yanzu babban, janareta. A tambaya ina yake, a je a gani. In yana ƙarƙashin matakala, ko a wani tsukukun lungu, ko bututun hayaƙinsa yana fuskantar tagogin ɗakuna, kada a kwana a ɓangaren nan ko kyauta ne. Iskar da take kashe mutane a hayaƙin janareta ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya farkawa. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kuma in mutum biyu a ɗaki ɗaya suka ji haka lokaci guda, su fita waje nan take, kada su ce gajiyar hanya ce. A kuma tambayi ƙarfe nawa ake kashe injin. Wasu ƙananan otal suna kashewa tsakar dare, baranda ta yi duhu ɗumɗum, kyamarori ma su mutu tare da shi in babu inbata. Ƙaramar tocila a ƙarƙashin matashi tana da amfani.

Banɗaki: in akwai hita, a kunna ta ruwa ya yi zafi, a kashe ta daga makunnin bango, sannan a shiga wanka. Inda ba a yi wa gini wayar ƙasa yadda ya kamata ba, hita mai yoyon lantarki tana sa wa famfo wuta. Wanda ya taɓa famfo ya ji ɗan zirr, ya nemi canjin ɗaki. Haka soket mai baƙin tabon ƙuna.

Ƙofar ɗaki kuma ta zama tana da sakata ko sarƙa ta ciki, ban da makullin da aka miƙo, tunda ma'aikata suna da irinsa. A duba katakon gefen makulli, in ya tsage an like da ƙusa, an taɓa ɓalle ta. In akwai ƙofar da ta haɗa da ɗakin maƙwabci, sakatar ta kasance ta ɓangarenku. 'Yar robar nan mai tsini da ake cusawa ƙarƙashin ƙofa ba ta da tsada, tana shiga aljihun jaka.

Hajiya 'Yar Zango:

Sannunku da ƙoƙari. Ni dai ban yarda a yar da Agege gaba ɗaya ba. Jirgin yana tsayawa a tashar Babatunde Fashola da ke Agege, kuma wanda yake da ɗan uwa a Zango da zai tarye shi a bakin tasha ya fi wanda ya sauka Ebute Metta ba kowa. Baƙo ko da ido makaho ne. In akwai mai tarya a Agege, su kwana can daren farko. In babu, maganar Malam Na Alagomeji ita ce daidai, don kewayen Pen Cinema da dare ba wurin tsayuwa da akwati ba ne.

Abin da maza ba su faɗa ba: tunda da iyali zai zo, a gane wane irin otal ne. Kusa da tasha akwai da yawa da cinikinsu na 'yan awa biyu ne. Ana gane su. Allon farashi yana da kuɗin ɗan lokaci, mashaya tana bakin ƙofa sai an ratsa ta kafin a kai kantar karɓar baƙi, ba a tambayar kowa katin shaida, kowa yana haurawa sama ba a ce masa ina zuwa. Inda ba a rubuta sunan mai shigowa, ba a san wanda yake ɗakin kusa da kai ba, kuma irin wuraren ne ake kai wa samame cikin dare a kwashe mai laifi da marar laifi. Otal ɗin da ya nemi katinka ya rubuta a littafi, wannan alama ce mai kyau. Su duba su mayar maka, ko su ɗauki kwafi, amma asalin katin kada ya kwana a kanta. In mai kanta ya ɗaga murya ya faɗi lambar ɗakinku gaban mutane, ku ce a canza.

Maganar kuɗi. Ɗana, kada ka tura ko sisi zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mutum don an ce a kama maka ɗaki. Akwai masu saka lambar wayarsu a shafin otal na taswira ko Facebook, su karɓi kafin alƙalami, ka iso a ce ba a san da zuwanka ba. A biya a kanta, a asusun mai sunan otal, a karɓi rasit. In da POS ne, a karanta adadin kafin a danna lambar sirri, katin kuma kada ya bar hannu. A biya dare ɗaya tukuna, in wurin ya yi a ƙara.

Kuɗin sari ya zauna a banki, 'yan Balogun suna karɓar taransifa. Abin da aka riƙe a hannu a raba biyu, rabi wurin Alhaji rabi wurin Hajiya. Kada a yi lissafin ciniki a waya a gaban kanta ko cikin mota, Hausa ba sirri ba ce a Legas, masu jin ta sun fi yadda kake zato. In sun dawo da diloli, a shiga da motar cikin harabar otal a rufe get kafin a sauke. Don haka ma a tambaya ko akwai wurin shigar mota.

Wanda ya ƙwanƙwasa da dare ya ce ma'aikaci ne, a kira kanta a tabbatar kafin a zare sakata. Lambobin gaggawa na Legas 112 da 767, a saka su a wayoyin biyu, a kuma rubuta sunan titi da lambar gidan a takarda, don a cikin ruɗu mutum yakan manta inda yake.

Ɗan Sabon Gari:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da malamai. Ba mu da mai tarya a Agege, Yaba za mu duba. Saura ranar komawa, tunda jirgin safe ne, ƙarfe nawa ya kamata su fito?

Na Alagomeji:

Ka duba jadawalin ranar a shafin hukumar jiragen ƙasa, don yana canzawa, ka yanki tikiti tun kafin ranar, su kuma riƙe katin shaida. Su yi niyyar kasancewa a tasha awa guda kafin tashi saboda binciken kaya. A gama lissafi da otal tun da dare, a ɗaure kaya, a gaya wa maigadi lokacin fita domin ƙofar titi. Daga Yaba ba sai sun fito cikin duhu ba, su yi asuba a ɗaki su jira gari ya waye. Motar ta shigo haraba a loda a ciki. In damina ce, musamman Yuni da Yuli, a ƙara rabin awa, don ruwan dare ɗaya yana cika wasu titunan Mainland har direbobi su ƙi shiga. Shi ma a tambayi masu shagunan titin tun ranar dubawa ko ruwa yana kwanciya a wurin, su za su faɗi gaskiya fiye da mai kanta.