Wa ya taɓa yawo da keke a ƙasar Benin? Yaya hanyoyinsu suke?

ɗan_Yantala: Salam 'yan uwa. Ni da abokina muna son mu yi yawon keke a Benin lokacin hutun Disamba, daga Malanville har Kwatanu, mu riƙa kwana a ƙauyuka. Hanyar mai kyau ce? Kuma mutanen karkara can suna saukar da baƙo kamar nan gida?

Baadare: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka bar zancen Malanville tukuna. Tun 2023 gadar Gaya da ke haɗa Nijar da Malanville ba ta koma yadda take da ba, da kwale-kwale mutane ke tsallakawa, kuma arewacin Benin wajen dajin W akwai matsalar tsaro, ba wurin da za ka tahi kana taka keke kai da abokinka ba ne. Ku ɗora kekunan bisa mota har Parakou ku soma daga nan, kilomita 400 da wani abu ne zuwa Kwatanu, ya ishe ku wallahi. Gudron ne har ƙasa, Tchaourou, Savè, Dassa, Bohicon, Allada, amma abin da zai dame ku ba ramuka ba ne, kamiyo ne, Disamba an soma kwasar auduga manyan motoci na gangarawa kudu dare da rana kuma wurare da yawa ba gefen da za ka raɓe, in ka ji oda bayanka ka sauka kawai kar ka yi gardama da mai tirela.

ɗan_Yantala: To Allah ya saka da alheri yaya. Hanyoyin cikin ƙauye fa?

maman_Boukoki: Su ne ma daɗin tafiyar. Jar ƙasa ce, da rani ta bushe sai dai ƙura da wannan gargada da ke kwance duk wani ƙusa na keke, ku riƙe kayan faci da famfo da tib biyu. Mai gyara kam kusan kowane gari akwai amma kayan keken Turawa mai giya da yawa ba lalle ka samu ba. Wajen Savè da Dassa duwatsu ne, hawa da gangara, ƙafar da ta saba da shimfiɗar Yamai za ta ji a jikinta. Maganar kwana kuma, kar ku kafa tanti a gonar kashu ta mutane ba sallama. Ku nemi mai gari ko limami tun kafin magariba ku gaisa ku faɗi daga ina kuke. A Parakou in kana jin Zabarmanci za ku fahimci juna da masu Dendi, Hausawa kuma akwai su a zango. Daga Bohicon zuwa ƙasa sai Fon da Faransanci. Ku ci sakwara da wagashi a Parakou kafin ku wuce.

Baadare: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ni ban yarda da kwana ƙauye kullum ba, yanzu baƙo biyu da jakunkuna ana iya kiran jandarma a kansu. Katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara su kasance a aljihu, gidan sauro kuma dole, kudu akwai sauro ko da hunturu. Kuɗi dai sefa ɗaya ce ba canji.

ɗan_Yantala: Na gode. Kenan Parakou za mu soma. Kamfanonin bas na karɓar keke a kaya kuwa, ko sai an kwance tayoyi?