Ina so in haɗa kyamarorin tsaro da Raspberry Pi a gonar kaji, ina neman shawara

Ɗan Mai Gona ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Mahaifina yana da gonar kaji a wajen garin Zariya, mai ɗakunan kaji uku da sito ɗaya na ajiye abinci da ƙwai, kuma ya ɗora mini nauyin sa wa wurin kyamarorin tsaro saboda yawan buhunan abincin da ke sito ya daina dacewa da abin da ke rubuce a littafi. Na karanci ilimin kwamfuta kuma na ɗan saba da Linux, shi ya sa hankalina ya fi karkata ga in haɗa abin da kaina da ƙananan kwamfutocin nan na Raspberry Pi, waɗanda duk kayan aikinsu ke kan ɗan allo guda da bai wuce tafin hannu ba.

Tsarin da ke raina shi ne in sayi Pi Zero 2 W guda huɗu, kowace da kyamararta, in kafa ɗaya a ƙofar gona, ɗaya a ƙofar sito, biyu a tsakanin ɗakunan kaji, su riƙa tura hoto ta Wi-Fi zuwa Pi 4 guda ɗaya da zan ajiye a ɗakin mai gadi. Gonar ba ta da wutar gwamnati, da sola muke tayar da famfon burtsatse da kunna ƙwayaye, kuma daga ƙofar gona zuwa ɗakin mai gadi ya kai kimanin mita 70. Shin wannan tsari zai yi araha da gaske? Zai ga mutum da dare? Kuma Baba zai iya kallo a wayarsa daga cikin gari?

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tsarinka zai yi aiki a kan teburin ɗakinka, amma abin da zai nuna ko zai ɗore a gona shi ne wuta, don haka daga nan ya kamata lissafi ya fara.

Ka ƙiyasta wa kowace Zero 2 W da kyamararta wat 3, huɗu sun ba ka wat 12. Kyamarar Pi ba ta gani a duhu sai ka sayi samfurin NoIR, wanda aka cire masa matatar da ke tare hasken infrared, kuma shi ma sai ka haɗa masa fitilar infrared daban. Ka sa wa kowace fitila wat 4, an samu ƙarin 16. Pi 4 da faifan ajiyarta su ci kamar 9, rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi da intanet, ta ci kamar 6. Jimilla ka doshi wat 45. Daga la'asar sakaliya zuwa hantsi, lokacin da farantin sola ba ya ba da abin kirki, awa 14 ne a ƙalla, wato kana bukatar wat-awa 630 kowane dare. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe wat-awa 1,200 a rubuce, amma idan na ruwa ne ko na jel ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, ka ga ke nan guda ɗaya ba zai kai ka asuba cikin kwanciyar hankali ba, balle a watan Agusta da hadari kan rufe rana kwana biyu a jere. Ka ware wa kyamarori batirinsu da farantinsu, kada ka haɗa su da famfo, domin duk lokacin da famfo ya tashi wuta takan yi ƙasa.

Wannan faɗuwar wuta ita ce babbar abokiyar gabar Pi. Bolt 5 take so, kuma da zarar ya sauka ƙasa da 4.63 sai Pi 4 ta fara ba da gargaɗi tana rage gudu. Idan ka ja siririyar wayar USB mai tsawo, wutar za ta zube a hanya kafin ta isa. Abin da ake yi shi ne a ja bolt 12 zuwa gindin kowace kyamara, a sa ƙaramar na'urar rage wuta irin LM2596 a wurin ta mayar da shi bolt 5. Hakan ya kuma raba ka da inbata, wadda ke cin nata rabon ko da ba a jona mata komai ba.

Katin memori shi ne na biyu. Ba a yi shi don a riƙa rubutu a kansa dare da rana ba, kuma idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu yana iya lalacewa har Pi ta ƙi tashi. Kada ka ajiye bidiyo a kansa, ka jona faifan ajiya na SSD ta ramin USB 3 na Pi 4. A kan ƙananan kuma ka shiga raspi-config ka kunna tsarin overlay, wanda ke mayar da katin na karatu kawai.

Akwai wani abu da masu farawa kan manta: Pi 4 da Zero ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe su, daga intanet suke karɓar lokaci. Idan suka tashi babu intanet, bidiyonka zai ɗauki kwanan wata na ƙarya, kuma bidiyon da bai san ranar da aka ɗauke shi ba ba zai raba gardama ba. Ɗan agogo mai batir irin DS3231 yana magance wannan da kuɗi kaɗan.

Game da zafi kuwa, Pi tana fara rage gudu idan cikinta ya kai digiri 80. Akwatin roba a rufe, a ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu, zai kai ta can ba tare da wahala ba.

Mai Haɗa Kyamara a Kano ya rubuta:

Injiniya, ranka ya daɗe, ban ga abin cirewa a lissafinka ba, sai dai ni a wajen tambayar farko nake so in tsaya, domin sana'ata ce kuma ba na so yaron nan ya kashe kuɗin mahaifinsa sau biyu.

Ƙanena, amsar ita ce a'a, ba zai yi araha ba. Farashin da kamfanin ya sa wa Zero 2 W lokacin da ta fito a Oktoban 2021 dala 15 ne, Camera Module 3 ta Janairun 2023 kuma dala 25, wato dala 40 tun kafin kaya su iso Najeriya a ɗora musu kuɗin jigila da ribar ɗan kasuwa. Ƙara katin memori, da siririn kebul na musamman da Zero ke bukata saboda ramin kyamararta ya fi na manyan ƙanƙanta, da fitilar infrared, da na'urar rage wuta, da akwatin da ruwa ba ya shiga. Idan ka tara duka, ka kai ko ka wuce kuɗin kyamarar IP (mai tura hoto ta kebul ɗin intanet ko Wi-Fi) ta waje da aka ƙera da rufinta da fitilarta da matatar da ke sauya kanta tsakanin rana da dare. Ita kyamarar NoIR babu wannan sauyi, shi ya sa da rana za ka ga ganye ya koma ruwan hoda, launin rigar mutum ma ya canza. Araha ba ta ado, balle kuma a nan arahar ma babu ita.

Inda Pi ke da amfani na gaske shi ne a matsayin mai naɗa da tacewa. Ka sayi kyamarori na kasuwa, amma kafin ka biya ka tabbatar suna ba da RTSP, in da hali har da ONVIF, wato ƙa'idojin da ke ba kowace manhaja damar karɓar hoton kyamara, domin wasu masu arahar ba sa magana da komai sai manhajar kamfaninsu. Da waɗannan biyun, Pi ɗaya za ta karɓi hoton dukkansu.

Ka bar maganar Wi-Fi. Zero 2 W zangon 2.4GHz kawai take kamawa, kuma mita 70 a tsakanin kwanon rufi da ragar waya ta ɗakunan kaji zai sa hoto ya riƙa tsinkewa. Kebul ɗin Cat6 yana kai mita 100, kuma da suwic (akwatin da kebul ɗin kyamarori ke haɗuwa) mai PoE, wato tsarin tura wuta ta cikin kebul ɗin, waya ɗaya za ta ɗauki wuta da hoto tare. Ka nemi na jan ƙarfe zalla, kasuwa ta cika da na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda ke zubar da wuta a doguwar tafiya. Ka binne shi a cikin bututu saboda ɓeraye da tsawar damina.

Abu mafi muhimmanci a wurina: kada ka ajiye Pi 4 a ɗakin mai gadi. Ba zargin bawan Allah nake yi ba, amma nan ne wurin da kowa zai fara dubawa, kuma wanda ya ɗauke na'urar ya tafi da shaidar gaba ɗaya, shi kuma mai gadin ya shiga tuhumar da bai ji ba bai gani ba. Ka samar mata akwatin ƙarfe mai iska da makulli a inda ido ba ya kaiwa. Kyamarar ƙofar sito kuma kada ta wuce mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa, in ba haka ba saman hula za ka riƙa ɗauka. A lokacin hunturu a riƙa goge gilashin a kai a kai, a kuma share saƙar gizo-gizo, domin hasken fitilar kan dawo daga ƙura da zaren ya mayar da hoton dare fari fat.

Malamar Kwamfuta ta rubuta:

Zan ɗauki tambaya ta uku, tunda malamai sun gama da biyun farko.

Alhaji, mahaifinka, zai iya kallo daga gari, amma kada a yi tunanin kallo kai tsaye dare da rana. Kyamara ɗaya mai tura megabit 2 a daƙiƙa tana samar da kusan megabait 900 a awa, wato gigabait 21.6 a kwana. Huɗu sun haura gigabait 86, wanda ke nufin faifan terabait 1 zai cika a kwana 11 idan ana naɗa komai, kuma babu mai gonar da zai iya sayen datar tura wannan ta layin waya. Hanyar da ta dace ita ce bidiyo ya zauna a gona, hoto ɗaya ko gajeren yanki kawai ya tafi wayar Alhaji, misali ta Telegram, idan an ga mutum a ƙofar sito bayan an tashi aiki.

A nan ne zaɓin manhaja ke shigowa. motionEye mai sauƙin kafawa ce, amma motsi kawai take gani, don haka ƙwaro ko inuwar reshe ko akuya duk za su tayar da ita, kuma wanda aka tasa sau goma a banza zai kashe sanarwar. Frigate tana bambance mutum da dabba da mota, sai dai tana da nauyi, a kan Pi 4 tana bukatar ƙarin na'ura irin Coral ta Google.

Layukan waya galibi ba sa ba rauta adireshin da za a iya shigowa ta kansa daga waje, don haka buɗe ƙofa a rauta ba zai yi aiki ba, kuma ko da zai yi ban ba da shawararsa ba. A 2016 muguwar manhajar nan Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗa bidiyo ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari a watan Oktoba, manyan shafuka irin Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa shiga. Ka sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urori ta ɓoyayyiyar hanya ba tare da buɗe ƙofa a rauta ba, a kan Pi da wayar Alhaji, ka sauya kalmar sirrin kowace kyamara a ranar da ka kunna ta, sannan ka hana kyamarorin kansu fita intanet.

Ina kuma roƙonka, ƙanena, ka sanar da ma'aikata kafin ka kunna, ka manna sanarwa a ƙofa, kuma kada kyamara ta kalli makwancinsu ko banɗaki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki hoton da ake gane mutum da shi a matsayin bayanansa, kuma ko babu doka, leƙen asirin mutane ba halin kirki ba ne. Idan magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin da ta ɗauki abin, wanda ya ƙara wa maganar agogon da Injiniya ya yi nauyi.

Ɗan Mai Gona ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan koma ga kyamarorin PoE da Pi ɗaya a ɓoye, kuma zan roƙi Baba ya tara ma'aikata ya yi musu bayani da bakinsa. Injiniya, ranka ya daɗe, saura tambaya biyu: Pi 4 zan saya ko Pi 5, kuma ko zan iya sa kyamara a cikin ɗakunan kajin kansu don a riƙa lura da lafiyarsu?

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Mai Haɗa Kyamara ya yi gaskiya a kan farashi, na kuma goyi bayansa. Ga kyamara huɗu a kan sola, ni Pi 4 mai RAM gigabait 4 zan zaɓa. Tana da sashe na musamman da ke warware bidiyon H.264, tsarin matse bidiyo da kyamarorin IP kan yi amfani da shi, wanda Pi 5 ta 2023 ba ta da shi, kuma caja mai amfiya 3 ta ishe ta, alhali Pi 5 ana so a ba ta mai amfiya 5 da fanka. Fifikon Pi 5 shi ne ta fi gudu, tana da agogonta da wurin jona masa batir, kuma ta fi dacewa idan nan gaba za ka ƙara kyamarori. Ko wacce ka ɗauka, ka saita ta ta adana babban hoton yadda ya zo ba tare da ta sake sarrafa shi ba, ta yi aikin gano mutum a kan ƙaramin hoto na biyu da kusan kowace kyamarar IP ke bayarwa. Ka kuma sake lissafin batir da adadin wat ɗin da ke rubuce a jikin kyamarorin da ka saya, har da na suwic.

A cikin ɗakin kaji, iskar amoniya da ke tashi daga kashinsu tana cin ƙarfen allon lantarki, ƙurar dusa da gashi kuma tana toshe komai, saboda haka sai kyamara mai rufin IP66 ko IP67, wato wanda ƙura da ruwa ba sa shiga, a kuma naɗe mahaɗar kebul ɗin da kyau. Kada ka sayi irin wadda ke kunna farar fitila da dare. Kajin ƙwai ana tsara musu haske na kimanin awa 16 a rana, kuma fitilar da ke kunnuwa tana mutuwa cikin dare za ta firgita su ta taɓa yawan ƙwan da suke yi.

Ka fara da kyamarar ƙofar sito ita kaɗai tare da Pi da batirinta, ka bar su su yi mako biyu, kana duba zafin na'urar da rana tsaka da ƙarfin batir da asuba. Abin da ka gani a nan shi zai gaya maka girman farantin sola da za ka ƙara kafin ka sayi sauran ukun.