Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare: mu daina cewa "kyauta", mu ce mai-kansa

1/ Da zarar Janairu ya kama, jita-jitar ƙwallo takan koma kan 'yan bayan da kwantiraginsu zai ƙare a ƙarshen Yuni. A gidajen kallo da majalisu maganar ɗaya ce: "Bayanmu a buɗe yake, ga wane can za a samu a kyauta, me shugabanni suke jira?" Turawa suna kiran irin wannan ɗan wasa free agent. Mu har yau ba mu tsayar masa da suna ba. Wani ya ce "firi", wani ya ce "na kyauta", mai rahoto kuma ya zagayo ya ce "ɗan wasan da ba shi da kwantiragi da kowace ƙungiya". 'Yan uwa, ina da shawara, amma sai mun fara sanin abin da za mu raɗa wa suna.

2/ Da can, ko kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, ƙungiyarsa tana da ikon cewa sai an biya ta kafin ya tafi. A 1990 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya gama wa'adinsa da RFC Liège, ya nemi komawa Dunkerque ta Faransa. Maganar kuɗi ta hana cinikin faɗawa, Liège ta riƙe shi, ta kuma zaftare masa albashi. Ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har 15 ga Disamba 1995, ranar da Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan, wanda ya cika wa'adinsa a ƙasashen tarayyar yana iya tafiyarsa ba tare da an ba tsohuwar ƙungiyarsa ko sisi ba. Dokar FIFA kuma ta ba ɗan wasa damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya idan wata shida ya rage masa. Shi ya sa hayaniyar take tashi a Janairu.

Abin da hukuncin ya sauya shi ne wanda ke da iko da ɗan wasan. Da ƙungiya ce, yanzu shi ne. Duk kalmar da za mu zaɓa, wannan ya kamata ta faɗa.

3/ "Kyauta" ba ta faɗi haka ba, kuma ita ce ta fi yawo. Kyauta tana da mai bayarwa, tana da godiya, har da tukwici. To wa ya ba Real Madrid kyautar Antonio Rüdiger a 2022? Ba Chelsea ba ce. Chelsea a lokacin tana cikin takunkumin da gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa mai ƙungiyar, Roman Abramovich, ko sabunta kwantiragi ba a yarje mata ba, tana ji tana gani Rüdiger ya nufi Madrid, Andreas Christensen ya nufi Barcelona. Haka a 2001 da Sol Campbell, kyaftin ɗin Tottenham, ya tsallaka zuwa Arsenal. Je ka ce wa magoyin bayan Tottenham kyauta suka yi, ka ga yadda fuskarsa za ta canja.

Ta ɓangaren mai ɗauka ma ba kyauta ba ne. Kuɗin da da za a ba tsohuwar ƙungiya ba ya zama a asusu gaba ɗaya. Wani kaso yakan koma kuɗin sa hannu na ɗan wasan, wani ya koma la'adar wakilinsa, sannan albashin yakan haura, domin ɗan wasan ya san ba a kashe komai wajen sayensa ba, kuma ƙungiyoyi da dama suna zawarcinsa lokaci guda. Idan muka ce "kyauta", mun share duk wannan lissafin daga kan mai sauraro. Daga nan ne ake samun magoya baya suna zagin shugabannin ƙungiyarsu a kan sun ƙi karɓar abin da aka miƙo musu, alhali ba wanda ya miƙo komai.

4/ Maganar ta fi ciwo a wajen 'yan baya, shi ya sa nake so mu daɗe a nan. Ƙungiyar da ta rasa lamba huɗu ko lamba biyar, wato masu tsare tsakiyar baya, ba ta da haƙurin jira, kuma nagartaccen ɗan baya mai ƙuruciya tsada gare shi. Sai idon kowa ya koma kan waɗanda wa'adinsu ya zo ƙarshe, su kuma galibi sun doshi shekara 30 ko sun wuce.

Ku dubi Madrid. A 2021 Sergio Ramos ya tafi PSG bayan ƙarewar kwantiraginsa, aka sayar da Raphaël Varane ga Manchester United. Aka kawo David Alaba daga Bayern Munich ba tare da ciniki ba, yana da shekara 29, aka ci La Liga da Kofin Zakarun Turai da shi a kakarsa ta farko. Shekara ta zagayo aka ƙara da Rüdiger, shi ma 29. Dabarar ta yi kyau, ba mai musu. Amma a Agustan 2023 jijiyar gwiwar Éder Militão ta tsinke, a Disamba ta Alaba ta bi, ya shafe fiye da shekara bai buga ba. A Oktoban 2024 Dani Carvajal ya ji nasa raunin, a Nuwamba Militão ya sake. Aurélien Tchouaméni, ɗan tsakiya, shi aka riƙa mayarwa baya, aka ɗauko Raúl Asencio daga ƙaramar ƙungiyar Madrid ɗin. A ƙarshe dai a 2025 sai da Madrid ta zaro fam miliyan 50 ta biya Bournemouth a kan Dean Huijsen.

Ba ina cewa ɗaukar irin waɗannan 'yan wasa kuskure ba ne. Thiago Silva ya je Chelsea a 2020 yana da shekara 35, ba a biya PSG komai ba, a Mayun 2021 suka ɗaga Kofin Zakarun Turai a Porto. Campbell yana cikin Arsenal ɗin da ta gama kakar 2003/04 ba a doke ta a Firimiya ba. Abin da nake cewa shi ne, akwai shekaru, akwai gwiwa, akwai albashin da za a yi ta biya ko mutum yana kwance yana jinya. Wanda ya ji "kyauta" ba zai tambayi ko ɗaya daga ciki ba.

5/ Sauran kalmomin da ake kawowa. "Wakili mai 'yanci" fassarar kalma da kalma ce, kuma tana kai mutum ga wakilin ɗan wasa, ba ɗan wasan ba. "'Yantacce" tana da nauyin tarihin bauta a kunnen Bahaushe, ban ga dalilin ɗora wa ɗan ƙwallo ita ba. "Mai zaman kansa" ta riga ta zama ta makarantu da asibitoci da lauyoyi, kuma ranar da muka zo maganar ƙwallon mata, kowa ya san abin da "mai zaman kanta" take nufi. Wannan kaɗai ya isa a ajiye ta.

"Sakakke" ta fi su kusa, gajeriya ce, tana da jam'i, sakakku. Matsalarta ita ce tana nuna ƙungiya ce ta yi sakin. Ta dace da wanda aka sallama, ba ta dace da wanda aka yi ta lallashi ya zauna ya ƙi ba. Masu barkwanci kuma suna cewa "bazawari", tunda dama muna cewa ana zawarcin ɗan wasa, kuma kamar bazawara, shi ke zaɓa wa kansa. Hoton ya yi, a majalisa za ta yi daɗi, amma ba mai karanta labaran wasanni da zai iya kiran kyaftin ɗin ƙasa da ita a rediyo.

Na daɗe ina son "ɗan gashin kai", daga cin gashin kai. Ma'anar ta zauna daidai. Sai dai a rubuce gashin da ake ci da gashin da ake askewa duk ɗaya suke, kuma yawancin hirarmu ta ƙwallo yanzu a rubuce take a waya.

6/ Abin da na tsaya a kai shi ne mai-kansa. Mace mai-kanta, jam'i masu-kansu.

Dalilina daga bakinmu ya fito. Idan Bahaushe ya ga abu a kasuwa, tambayarsa ta farko ita ce "ina mai shi?" A ƙwallo ma haka muke yi: "Yaron nan na wa ne?" A ce na Leverkusen ne, sai an yi magana da su. To wanda kwantiraginsa ya ƙare ba shi da mai shi, shi ke da kansa, da shi za a zauna. Kalmar ba ta ce an kore shi ba, ba ta ce shi ya gudu ba, ba ta kuma ce araha ne ba. Abin da hukuncin Bosman ya tabbatar kawai ta faɗa. Ina sa ƙaramin layi a tsakani don mai karatu ya gane suna ne guda, kamar yadda wasu ke yi a mai-gida.

7/ A gwada ta a baki:

"Wane zai zama mai-kansa a ƙarshen kaka."
"Akwai masu-kansu uku da za su iya buga mana lamba biyar."
"Ba sai an jira kasuwa ta buɗe ba, ai mai-kansa ne."

Jimlar ƙarshen nan tana da tushe a doka: wanda ya rabu da ƙungiyarsa kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa, ana iya yi masa rajista ko bayan an rufe. Mu ma mun ga haka a gida. Ahmed Musa ya rabu da Al-Nassr ta Saudiyya a Oktoban 2020, ya zauna ba ƙungiya, sai a Afrilun 2021 ya sa rigar Kano Pillars, daga nan ya wuce Fatih Karagümrük ta Turkiyya. Duk watannin da ya yi a tsakani, mai-kansa ne. Haka David de Gea, da ya bar Manchester United a 2023 ya yi shekara guda cur kafin Fiorentina ta ɗauke shi.

Kalmar tana kuma taimakawa wajen gane wanda bai kai ga matsayin ba. Trent Alexander-Arnold an yi ta cewa Madrid ta same shi a kyauta a 2025. Gaskiyar ita ce kwantiraginsa da Liverpool sai 30 ga Yuni zai ƙare, Madrid kuma tana son ya buga mata gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi a Amurka a cikin watan, sai ta biya kusan Yuro miliyan 10 aka sake shi da wuri. Saura makonni ya zama mai-kansa, amma yana da mai shi, kuma mai shi ta karɓi kuɗinta.

8/ Saura sunan ita kanta tafiyar. A nan ba sai mun ƙirƙiri komai ba: "ya koma Madrid ba ciniki", ko "sun ɗauke shi yana mai-kansa". Wanda wata shida ya rage masa kuma, a ce "ya kusa zama mai-kansa". Kuɗin da ake ba shi ranar sa hannu, muna da "kafin alƙalami" a ajiye, ko a bar shi kuɗin sa hannu.

Malamai masu shirye-shiryen wasanni a rediyo da masu rubuta labaran kasuwar 'yan wasa, ku ne za ku raya ta ko ku binne ta. Ku gwada ta a rahoton gobe. Mutanen Sakkwato da Damagaram da Zangon Kumasi, idan "mai-kansa" tana da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata wannan, ku faɗa tun yanzu kafin ta bi baki.