Zum na gilashi da na dijital, ina bambancin?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Na ga kyamara a Circle, a Accra, zum (wato jawo abu na nesa kusa) na gilashi 10x, na dijital 4x. Wanne ne abin dubawa?

Mai Hoto Zongo: Wa alaikumus salam, ƙanena. Dubi na gilashi. Gilasan ciki ne ke matsawa, misali daga 24mm zuwa 240mm, hoto ba ya rasa komai. Na dijital kuwa tsakiyar hoton yake yankowa ya kumbura shi. A 2x, megafiksel 20 (ɗigon hoto miliyan 20) sun koma 5, fuskoki su dushe. Kashe na dijital a saiti.

Hajiyar Aboabo: Gaskiya ne, Malam. Amma a 240mm rawar hannu na ɓata hoto, sai saurin shata, wato ƙiftawar kyamara, ya kai 1/250 na daƙiƙa. Da hunturu ƙura kan cije bututun gilasan. Kada ka tura da hannu, haƙoran ciki roba ne.