Wai me ke sa manomi shiga aikin gyaran makiyaya da dashen itatuwa?

Ɗan_Gummi:
Salam jama'a. An zo garinmu da maganar kafa ƙungiya, za a keɓe wani sashe na makiyaya a shuka gamba, a kuma reni itatuwan da ke ƙarewa irin su madobiya da ƙirya. Wasu sun ba da suna nan take, wasu ko taron ba su leƙa ba. Waɗanda suka taɓa yi, me ke jawo mutum ciki?

Na_Argungu:
Alawus mana, hhh. Da taki da famfo. Ran da kuɗin suka tsaya ka je ka duba dashen.

Dattijon_Zurmi:
Ɗana kada ka biye mashi, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mu abin da ya sa munka shiga rani ne, kowa ya san yadda harawa ke tsada in an kai watan Afrilu, ga shi gamba in ta kama ba sai ka sake shuka ta ba, shanu su ci, ka yanke ka yi zana ka sayar. Manomi na son abin da zai gani cikin shekara, ita ko kaɗanya sai ta haura shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya, to wa zai jira in ba a haɗa mashi da abin kusa ba? Sannan babbar tambaya: itacen na wa ne? In na gwamnati ne ba mai ba shi ruwa, in an ce naka ne har 'ya'yanka su gada to ko akuya ba za ta kusance shi ba. Ku dubi Maraɗi, tohon itatuwa irin su gawo manoma sunka riƙa bari cikin gonakinsu, galibinsu ba wanda ya biya su.

Maman_Hafsa:
Baba ya faɗi gaskiya. Mu mata a nan Zuru man kaɗe da daddawa ne jarinmu, masu gawayi na sare mana itatuwan, shi ya sa ba a roƙe mu ba muka shiga.

Ɗan_Gummi:
To ita madobiya fa? Ba a cin 'ya'yanta.

Dattijon_Zurmi:
Ganyenta abincin shanu ne da rani, katakon kuma shi anka kwashe zuwa China har ta yi ƙaranci. Amma fa ku zauna da Fulanin wurin tun farko a shata burtali, in ba haka ba dashen ba zai kai damina ta biyu ba.