Fitilar faifai ɗaya ta koma ruwan goro a sabarmu: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, a wata makaranta mai zaman kanta a nan Katsina. Faifan ajiya (hard disk) huɗu ne a ciki, kowane 4TB, an haɗa su RAID 5, tsarin da ke haɗa faifai su yi aiki kamar ɗaya yadda in ɗaya ya mutu bayanai ba su ɓace ba. 12TB muke amfani da shi, sauran ya tafi ga lissafin kariya. Yau da safe na buɗe ɗakin na ji ƙara tit-tit, na duba sai ga fitilar faifai na biyu ta bar kore ta koma ruwan goro. Komai yana buɗewa, amma da nauyi. Sakamakon jarabawar yara na tsawon shekara shida da takardun kuɗin makaranta duk suna ciki, kuma kwafin ƙarshe da na ɗauka tun kafin azumi ne. Hannuna har rawa yake. Wanda ya taɓa gani ya faɗa mini abin da ya yi, da abin da ya yi da-na-sanin yi.

Mutumin Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kafin komai ka cire hannunka daga jikin akwatin nan. Ni garaje ne ya kusa kashe ni. Tamu Linux ce, da mdadm, manhajar haɗa RAID, aka haɗa faifai uku. Na duba /proc/mdstat, inda ake ganin halin faifan, na ga [UU_], wato biyu na aiki ɗaya ya fita, na ce to na uku ne ya mutu, na ƙirga daga sama na zare na uku. Ashe jerin da na'ura ke gani daban, jerin ramukan akwati daban. Lafiyayye na zare. RAID 5 faifai ɗaya kawai yake iya rasawa, ni kuma na mayar da su biyu da hannuna. Nan take komai ya tsaya, mutanen ofis suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya cece ni, ban ƙara taɓa komai ba sai da na yi sallar azahar hankalina ya dawo. Na mayar da faifan, na bi kowane da mdadm --examine na duba lambar Events, wadda ke nuna inda kowane faifai ya tsaya a jerin. Wanda na zare bisa kuskure tazararsa da ɗan uwansa kaɗan ce, mataccen kuwa an bar shi a baya nesa. Na haɗa biyun masu kyau da --assemble --force, suka tashi. Wani ya ba ni shawarar --create a lokacin, Allah ya sa ban bi ba, domin wannan sabon bayani yake rubutawa a kan tsohon, in ka kuskure jeri ko girman yanki ka shiga uku. Tun ranar, lambar siriyal nake bi. Na rubuta ta kowane faifai a farar takarda na manna a bakin raminsa.

Hajiya mai kula da na'urori:
Ƙanena, ka tabbatar faifan ne ya mutu tukuna. Ba duk wanda aka kora daga jeri ne matacce ba. A hunturun da ya wuce sau uku faifai ɗaya yana fita mana, mu mayar ya zauna kwana biyu ya sake fita. Har an rubuta takardar sayen sabo. Da na karanta shi da smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, sai na ga lamba ta 5, wadda ke ƙirga gurabun da suka lalace aka sauya, sifili ce. Lamba ta 197, ta gurabun da ake shakka a kansu, ita ma sifili. Amma ta 199, wadda ke ƙirga kuskuren da ke faruwa a hanya tsakanin faifai da katin RAID da ke sarrafa su, ta haura ɗari. Muka kashe, muka buɗe. Wallahi ƙurar da ke bayan faifan nan kamar an zuba garin ƙasa, fanka ɗaya ma ta daina juyawa. Muka hure, muka sauya waya, shiru har yau. Ɗakin da sabarmu take tagarsa na kallon titi, kuma kowa ya san hazon Katsina. In zafi ya zo kuma, watan Afrilu da Mayu, ana haura digiri 40 a waje, balle cikin ɗakin da ba iska.

Amma ko waya ce ko faifai ne, kwafi za ka fara ɗauka. Yau, ba gobe ba.

Baba Injiniya:
Duk abin da suka faɗa maka haka yake. Bari in ƙara maka dalilin da ya sa ake cewa kwafi kafin gyara, don in ka san dalili ba wanda zai ruɗe ka.

Idan ka sa sabon faifai, katin zai karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe, gurbi bayan gurbi, don ya lissafo abin da ke kan wanda ya mutu. A wurinka 12TB ke nan za a karanta ba hutawa, aikin da kan ci yini guda ko fiye. Masu ƙera faifai na gama-gari sukan rubuta a takardarsu cewa ana iya samun gurbi ɗaya da ya ƙi karantuwa cikin bit 10^14 (tiriliyan ɗari), wanda ya kama kusan 12.5TB. A aikace sau da yawa faifai ya fi abin da aka rubuta kyau, amma ka ga yadda lambobin biyu suka yi kusa da juna. Ga shi kuma faifan nan huɗu rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, ɗaukewar wuta ɗaya suka gani. In ɗaya ya gaji, 'yan uwansa ba yara ba ne. Na ga jerin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na sake gini, na biyu ya faɗi. Mai wurin zama ya yi a ƙasa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ciwonmu a nan. Katin RAID yana da ɗan batirinsa da ke riƙe abin da ba a gama rubutawa ba. Idan batirin ya mutu, kati mai hankali yakan daina tara rubutu ya koma rubutawa kai tsaye, sai saba ta yi nauyi, mutane su ce intanet ne. Wani yaro da na koya wa aiki ya ga haka, ya tilasta wa katin ya ci gaba da tarawa ba batiri. Aka ɗauke wuta, UPS ɗin bai kai an tada janareto ba. Da ta tashi sai ga saƙo wai an ga Foreign Configuration, wato katin ya ga tsarin jerin da bai gane ba, ana tambaya Import (a karɓe shi) ko Clear (a goge shi). Ya danna Clear, yana zaton share saƙon zai yi. Bayanin yadda aka jera faifan ya goge. Kwana uku muka yi kafin muka sake gina jerin daidai da na da, ba tare da Initialize ba, wanda zai share abin da ke kan faifan, aka samu mafi yawan kayan. Ban yi masa faɗa sosai ba, laifina ne da ban taɓa zaunar da shi na nuna masa allon nan ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ni nawa gajere ne. RAID 1 gare mu, faifai biyu madubin juna, duka lafiya lau. Akawu ya goge babban fayil na shekara guda bisa kuskure, ya gogu a duka biyun a daƙiƙa ɗaya. Oga ya ce ba an ce akwai biyu ba? Na rasa bakin ba shi amsa.

Mutumin Daura:
Na manta, wajen saye ka kula. Na taɓa aikawa Kano aka kawo mini wai sabo a leda, na duba lamba ta 9 a smartctl na ga ya yi awa sama da 35,000 yana aiki, shekara huɗu ke nan. Ka duba a gaban mai shago in da hali. Ka tambayi nau'in faifan da ake kira CMR, ka guji nau'in SMR, domin shi SMR in rubutu ya yi masa yawa a jere yakan yi jinkiri har kati ya ɗauka ya mutu ya kore shi ana tsakiyar gini. Kuma kada ya gaza tsohon girma ko da kaɗan ne, kati ba zai karɓa ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka muku da alheri, Baba, Hajiya, da sauran 'yan uwa. Ga inda aka kwana. Na roƙi shugabar makaranta aka dakatar da shigar da sakamako, na kwashe komai a faifan waje. Ashe duk kayan ba su wuce 3TB ba, na fara da takardun kuɗi da sakamako, hotunan bikin yaye ɗalibai suka zo ƙarshe. Na buɗe fayiloli da dama a wata kwamfuta na tabbatar suna buɗewa.

Hajiya, na bi lambobin da kika ce. Na biyun ya mutu da gaske, lamba ta 5 ta wuce dubu. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne na huɗu, wanda fitilarsa kore ce shar: lamba ta 197 tana nuna 16. Da na sa sabo jiya da safe kamar yadda raina ya so, a kansa ginin zai bi.

Yanzu faifai biyu zan saya, ba ɗaya ba, kuma tunda kayan ba su da yawa ina so in rushe jerin in mayar da shi RAID 6, in samu 8TB amma ya iya jure mutuwar biyu. Baba, katin namu tsoho ne, ta ina zan duba ko yana ɗaukar RAID 6, kuma batirinsa a wane shafi ake ganin lafiyarsa?