Me za mu kira "telescoping lift" da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu koya wa yara haɗa mutum-mutumi, ku taya ni. Ina neman sunan Hausa na na'urar nan da ke ɗaga kaya sama a jikin mutum-mutumin gasa, wadda gaɓoɓinta ke zamewa ɗaya daga cikin ɗaya kamar eriyar rediyo.

2/ Ga dalilin yin ta. A gasar FIRST ta Amurka, wadda Dean Kamen ya kafa ƙungiyarta a 1989, wasan 2018 ya buƙaci a ɗora akwatuna kan ma'auni da ke iya kai ƙafa 6, alhali doka ta ce tsayin mutum-mutumi kada ya wuce inci 55 lokacin farawa. Dole ya shigo a tsugune, ya miƙe a fili.

3/ Fassarar kai tsaye ba ta yi ba, don "telescope" na Turanci tabaron hangen nesa ne. Da ka ambaci tabaron hangen nesa, yaro zai ɗauka wata da taurari za a duba. "Lif" kuma ta benaye ce. Wani ya kawo "jak", amma jak ɗagawa kaɗan yake yi, a hankali. "Tsani mai zugewa" ya fi kusa, sai dai tsani hawansa ake yi.

4/ Ni dai "maɗagi mai gaɓa-cikin-gaɓa" nake goyon baya. Ya yi tsawo, na sani. Amma sunan yana ɗauke da sirrin ƙarkonsa. Ko an miƙe shi ƙarshe, dole wani yanki na gaɓar ciki ya rage a cikin ta waje, boris biyu na riƙe da shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Idan tazarar da ke tsakanin boris ɗin ta yi kaɗan, nauyin da ke can ƙololuwa sai ya taru a kansu. Daga nan sai girgiɗi, bututun alminiyam ya fara cinyewa, noti ya kwance, wata rana a yi karo da wani a fili gaɓa ta maƙale. Mai cewa "mai miƙewa" tsawon kawai ya gani, shi ya sa yara ke kwaɗayin zaro gaɓar har bakinta.

5/ Sai ɗaurin igiya ko sarƙa a kan kura, kurar jan ruwa nake nufi. Iri biyu ne. A ɗaya, gaɓoɓin duk suna tashi lokaci guda: gaɓa ta biyu na ninka saurin ta farko, injin kuma na jan ninkin nauyi. Wannan na ce "tashi-tare". A ɗayan, igiya guda ce ta ratsa duka, gaɓoɓin na tashi ɗaya bayan ɗaya, wato "bi-da-bi". Igiyarsa doguwa ce, in ta saki sai ta sauka daga kan kura.

6/ Mutanen Damagaram da Maraɗi, a wajenku da Faransanci aka fara jin abin. In makanikanku na da wata kalma gajeriya, ku kawo ta kafin mu sa wannan a takardar darasi.